KOGI ƊAYA, MASU BUƘATA DA YAWA

A watan Satumba na 2015 ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka taru a Amurka, suka amince da muradu 17 waɗanda su ke so a cim ma kafin shekarar 2030. Ana kiransu Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa. Na 1 shi ne kawar da talauci, na 2 kawar da yunwa, na 3 lafiyar jiki, na 4 ilimi. Na 5 ya shafi haƙƙin mata, na 6 ruwa mai tsabta, na 7 wuta da makamashi. Can gaba akwai na 13 a kan sauyin yanayi, na 15 a kan kiyaye ƙasa da itatuwa, da na 16 a kan zaman lafiya da adalci.

Ba wanda zai karanta jerin nan ya ce ga mugun abu a ciki. Amma duk maigidan da ya taɓa zama da uwargida suna raba kuɗin wata tsakanin hatsi da kuɗin makaranta da na magani ya san abu mai kyau ya kan ci rabon wani abu mai kyau. Haka muradun nan su ke. Waɗansu suna tafiya tare kamar shanun huɗa a karkiya ɗaya, in ɗaya ya ja sai ɗayan ya sami sauƙi. Waɗansu kuwa in ka ɗaga wannan sai wancan ya faɗi. Rahoton da Majalisar ta fitar a 2024 ya nuna kashi 17 cikin 100 kaɗai na abubuwan da aka sa gaba ne ke tafiya yadda a ke so.

Mai karatu, ba sai mun je ƙasashen Turai ba kafin mu gane wannan magana. Bari mu leƙa gabashin Jihar Sakkwato, inda garuruwa uku za su koya mana ita da ruwan kogi.

GARURUWA UKU, KOGUNA BIYU

Goronyo tana bakin Gulbin Rima. In ka bi ruwan ya gangara da kai yamma, sai ka iske Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da shi ribaɗinsa, inda ya rasu a 1837, kabarinsa kuma yana can. Rabah kuwa, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana kudu da su a bakin Gulbin Sakkwato. Kogunan nan biyu suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su wuce Argungu da Birnin Kebbi, su faɗa Kwara.

Damina a ƙasar nan gajeruwa ce, wajen wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Saboda haka tun kaka da kakanni fadama ce rumbun jama'a. Da damina kogi ya kan cika ya malala, ya bar laka mai taki. Manomi ya shuka shinkafa a ruwan. Kifi ya shiga tafkuna ya hayayyafa, masunta su kama tarwaɗa da karfasa. In ruwa ya janye, mai lambu ya kafa jigo ya yi albasa da tafarnuwa da tumatir. Bafulatani kuma ya gangaro da shanunsa su ci ɗanyar ciyawa sa'ad da tudu ya bushe. Fili ɗaya ke nan yana ciyad da mutum huɗu, kowa da lokacinsa.

Amma wannan zama yana da tasa wahala. Shekarar da ruwa ya yi yawa shinkafa ta nutse, shekarar da ya yi kaɗan a kwana da yunwa. Babban farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi masu yawa, ya kori mutane daga gidajensu. Shi ya ƙara wa gwamnati ƙaimi ta kafa hukumomin raya koguna, har da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Shawarar da aka yanke ita ce a tare ruwan damina a ajiye shi domin rani.

ABIN DA MADATSA TA KAWO

Aka fara gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, aka gama a 1978. Sa'an nan aka gina ta Goronyo a kan Rima, aka gama a 1984, aka yi bikin buɗe ta a 1992. An gina ta Goronyo domin ta riƙe ruwa wajen mita kubik miliyan 942. Mita kubik ɗaya kuwa lita 1,000 ce, watau cikin durom biyar. Tana cikin manyan madatsun ruwa na Nijeriya.

Amfaninta a fili ya ke. Ruwan famfon da mutanen birnin Sakkwato ke sha da rani, yawancinsa daga Goronyo a ke sako shi ya biyo kogi. Manoman da a da su kan tafi cin rani Kano ko Ikko suna iya zama gida su noma shinkafa da alkama da masara da kayan miya. Albasa da tafarnuwa na wannan kwari ana loda su a manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan, har da ƙasashen maƙwabta. Tabkin da madatsar ta tara ya zama wurin su. A nan muradu uku sun tafi tare: abinci ya ƙaru, aikin yi ya samu, birni ya sha ruwa.

WANDA KE ƘASA DA MADATSA

Ruwan da aka tare a sama kuwa, wani ne a ƙasa ya rasa shi. Mutanen kwarin da ke tsakanin Bakolori da Sakkwato, wanda Rabah ke cikinsa, sun ga wannan da idonsu. Wani masani ɗan Ingila mai suna William Adams ya bi ƙauyukan kwarin nan, ya buga sakamakon bincikensa a 1985. Ya tarar tun da aka rufe madatsar, malalar damina ta ragu, ba ta kai inda ta saba kaiwa, ba ta kuma daɗewa. Manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, waɗanda ba su kai ta kuɗi ba. Ruwan ƙarƙashin fadama ya yi nisa, lambunan rani suka ragu. Kifi ya ragu, gama tafkunan da ya ke hayayyafa a ciki sun daina cika.

A Bakolori kanta manoman da aka karɓe wa gonaki suka tashi neman diyya, suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sanda, aka yi asarar rayuka. Har yau ana gardama a kan yawan waɗanda suka mutu, gama adadin da gwamnati ta faɗa bai kai wanda mutanen wurin ke faɗa ba ko kusa. Aikin da aka fara domin kawar da yunwa ya taɓa adalci da zaman lafiya, domin ba a zauna da masu gonaki an ji bakinsu tun farko ba.

A BUƊE ƘOFA KO A RUFE?

Madatsar Goronyo tana da ayyuka biyu waɗanda ba su jituwa da sauƙi. Ana so ta tare ambaliya da damina, ana kuma so ta tanadi ruwan rani. In ana so ta tare ambaliya, dole a bar mata wuri, kada ta cika tun da wuri. In ana so ruwan rani ya isa, dole a cika ta maƙil kafin damina ta ɗauke. Mai kula da ƙofofinta kowace shekara yana tsakanin waɗannan biyu, ba shi kuwa da tabbacin irin ruwan da sama za ta zubo a watan Agusta.

A 2010 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tabkin ya cika har aka ji tsoron kada madatsar ta fashe. A farkon Satumba aka buɗe ƙofofi, bayan 'yan kwanaki kuma wani sashe na mafitar ruwan ya karye. Ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki a Goronyo da Wurno da Gwadabawa da Kware har zuwa Silame. Mutane fiye da 100,000 suka rasa matsuguni, amfanin gonar da ya kusa isa girbi ya nutse. Ruwan ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har aka rufe makarantar na wani lokaci. A Wurno ma ƙaramar madatsar Lugu, wadda manoman rani na garin ke dogara da ita, ambaliya ta taɓa lalata ta, manoma suka yi shekaru suna roƙon a gyara.

Shekara takwas bayan wannan sai aka ga ɗaya fuskar. A watan Maris na 2018 hukumar da ke kula da madatsar ta sanar cewa ruwan ya ragu ya koma wajen kashi 10 cikin 100 na abin da ta kan riƙe. Dalilan da aka bayar su ne ƙarancin ruwan sama a 2017, da yashi da lakar da suka taru a cikin tabkin shekara da shekaru. Nan take tambaya mai wuya ta taso: ɗan ruwan da ya rage, a ba mai shinkafa a Goronyo ko a ba mai tulu a Sakkwato?

A lura da maganar yashin nan, gama ita ce gindin matsalar. Randar da rabinta ya cika da ƙasa ba ta ɗaukar ruwa da yawa. Da damina ta yi saurin tumbatsa, da rani ta yi saurin ƙafewa. Yashi ɗaya ne ke ƙara haɗarin ambaliya, shi ne kuma ke ƙara haɗarin ƙishirwa.

CUTA, MAKARANTA DA BURTALI

Akwai kuma asarar da ba ta zuwa da ƙara irin ta ambaliya, a hankali ta ke shiga gida.

Ruwan da ke kwance a magudanan ban ruwa gidan sauro ne, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran damina a wuraren noman rani. Shi ne kuma gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya. Ga yadda cutar ke yawo: mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga katantanwa, su girma su fito, sa'an nan su huda fatar yaron da ke wanka ko manomin da ke tsaye a ruwa. Alamarta jini a fitsari. Waɗansu iyaye suna ɗaukar wannan alamar balaga ce ga yaro namiji. Cuta ce, tana rage jini, tana hana yaro ƙoƙari a aji, in ta daɗe kuma tana lalata mafitsara da ƙoda. Tana da magani, ana kiransa praziquantel, ana kuma raba shi kyauta a makarantu lokaci lokaci.

Makaranta ma tana biyan nata kuɗin. Sa'ad da shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki su kan sauko garke garke. Wa a ke turawa kora tun asuba? Yara. Lokacin dashen albasa da cirarta ma haka. Gonar da ta ba uba kuɗin littafi ita ce ta hana ɗan zuwa ya karanta littafin.

Sa'an nan ga makiyayi. Fadamar da shanu ke ci da rani yanzu kore ce shar da albasa da shinkafa har bakin ruwa. A wurare da yawa an nome burtali, an toshe mashaya. Saniya ba ta san iyakar gona ba. Daga ɓarna sai tara, daga tara sai gaba. Wannan ba shi kaɗai ne ya haifi ta'asar 'yan bindiga ba, dalilanta suna da yawa, amma rigimar ƙasa da ruwa tana cikin abubuwan da suka share mata hanya.

INDA MURADU KE TAIMAKON JUNA

Kada mai karatu ya zaci ci gaba duk asara ce. Akwai ayyukan da in an yi ɗaya, uku ko huɗu su kan gyaru tare. Babban misali yana ƙetaren iyaka, kogi ne kuma ya haɗa mu da shi. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya ke tasowa, ya shiga Jamhuriyar Nijar ya ratsa Maraɗi, ya komo Nijeriya ya shiga Rima tun kafin Goronyo. Shi da Bunsuru da Gagare ne ke cika tabkin. Su ne kuma ke kawo masa yashi daga gonakin da aka sare wa itatuwa, inda ruwan sama ke kwashe ƙasa ba abin da ya tare shi.

A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa. Ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu ke nan da rai a ƙasa. In manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, cikin shekaru kaɗan sai ga itace tsaye. Manoman Nijar suka sa wa wannan dabara suna sassabin zamani. Ba ta bukatar kuɗi ko ban ruwa, wuƙa ko lauje sun isa. Daga maƙwabci zuwa maƙwabci ta bazu a jihohin Maraɗi da Damagaram, har masana suka ƙiyasta ta mamaye wajen hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

Dubi abin da itace ɗaya kamar gawo ke yi. Da damina ya kaɗe ganyensa, ya zama taki, bai kuma yi wa gero inuwa ba. Da rani 'ya'yansa abincin dabbobi ne, makiyayi ya samu ba tare da ya shiga lambun kowa ba. Rassan da aka datse su zama itacen girki, mace ta huta da tafiya mai nisa, yarinya ta sami lokacin zuwa makaranta. Saiwarsa ta riƙe ƙasa, ruwan sama ya nutse a gona maimakon ya kwashe ta zuwa kogi. Manomin da ya bar gawo a gonarsa a Sabon Birni ko Isa yana taimakon mai buɗe famfo a Sakkwato, ko da ba su san juna ba.

Akwai ƙananan misalai a cikin gida. Matan da ke turara shinkafa su sayar suna samun kuɗin kansu, amma sana'ar tana cin itace. Ɓuntun shinkafar da a ke zubarwa a bayan injin kuwa yana ci da wuta, akwai murhun da aka ƙera dominsa. Salga a gida da a makaranta tana yanke hanyar tsargiya da gudawa gaba ɗaya, tana kuma sa 'yan mata su daɗe a makaranta. Gyaran rudu domin kada albasa ta ruɓe yana ƙara kuɗin manomi ba tare da an ƙara ɗibar ko guga ɗaya daga kogi ba.

Famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana shi ma ya shigo, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Ba ya shan mai, ba ya hayaƙi. Sai dai a yi hattara. Abin da ba a biya ba a cika tsimin sa ba. A jihar Punjab ta Indiya, inda gwamnati ke ba manoma wutar famfo kyauta, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa ƙwarai, har rijiyoyin marasa ƙarfi suka ƙafe. In kowa a fadamar Rima ya bar famfonsa yana zuba daga hantsi zuwa la'asar, mai gajeriyar rijiya ne zai fara kuka.

WA KE DA BAKIN MAGANA?

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 domin wani shiri mai suna TRIMING, na gyaran manyan wuraren ban ruwa a arewacin Nijeriya, har da Bakolori da na tsakiyar kwarin Rima a Goronyo. Ban da gyaran madatsu da magudanai, shirin ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, watau manoma su haɗa kai su tsara rabon ruwa, su tara kuɗi, su yashe magudanansu da kansu. Wannan mataki ne mai kyau. Zai fi kyau in masunta da makiyaya da mata masu sana'ar shinkafa da ƙauyukan da ke ƙasa da madatsa su ma suna da wurin zama sa'ad da a ke yanke shawara, a kuma riƙa sanar da su da wuri kafin a buɗe ƙofa.

Duk waɗannan kuwa suna rataye a kan muradi na 16. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka auka wa ƙauyen Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A watan Oktoba na 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe fiye da mutum 40. Inda manomi ke tsoron zuwa gona, madatsa cike da ruwa ba ta hana yunwa. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti ma ba su zama inda ba su iya barci.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Yawancinmu ba mu riƙe da mabuɗin madatsa, amma kowane gida yana da nasa rabon. Wanda ke da gona ya gwada sassabin zamani a bazarar nan, ko da kututture goma ne. Wanda gonarsa ke bakin burtali ya bar wa shanu hanyarsu. Uwar da ta ga jini a fitsarin ɗanta ta kai shi asibiti, kada ta jira. A tsara korar tsuntsaye yadda yaro ba zai rasa aji ba, manya su karɓi safiya, yara su taimaka bayan an tashi. Gidan da ba salga a haƙa.

Sa'ad da kuma aka zo garinku da wani sabon aiki, ko na gwamnati ne ko na wata ƙungiya, ku karɓe shi da murna, amma dattawa da mata da samari su yi tambaya uku kafin a sa hannu. Wa zai ci amfaninsa? Wa zai yi asara, an kuwa ji ta bakinsa? In masu kawo shi sun tafi, wa zai riƙa gyara shi, da kuɗin wa? Da an yi waɗannan tambayoyi a Bakolori kafin 1978, da wataƙila an kauce wa baƙin cikin 1980. Shekarar 2030 ta kusa, Rima kuwa za ta ci gaba da gangarowa daga Goronyo zuwa Wurno bayanta, 'ya'yanmu kuma za su sha abin da muka bar musu a ciki. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.